Hagu a Harshen Ibrananci: Kira ga Malaman Nahawu na Birnin Zazzau

Tun kafin Turawa su shigo ƙasar nan birnin Zazzau ya yi suna da nahawu da lugga, har ya zamana almajirin da ya sauke Alƙur'ani a Kano ko Katsina ko Bauci, ya taɓa fiƙihu gwargwadon hali, in ransa ya biya ya san dalilin da ya sa wannan kalma ta ɗauki rufu'a waccan kuwa ta ɗauki fataha, sai ya rataya gafakarsa ya nufo zaurukan Kona da Juma, ya durƙusa gaban malaman da suka gaji Ajurumiyya da Alfiyyar Ibnu Malik kaka da kakanni. Ga waɗannan malamai, Allah ya gafarta musu, da almajiransu, da 'ya'yansu da suka haɗa karatun zaure da na jami'a, nake so in kai wata magana wadda na san za ta yi wa wasu nauyi a kunne. Akwai wani harshe, ɗan'uwan Larabci na jini, wanda babu wanda ya fi su cancantar saninsa a faɗin ƙasar nan, amma mun ƙyale shi sai ka ce ba mu da rabo a cikinsa, shi ne Ibrananci, harshen Attaura da Zabura da littattafan annabawan Bani Isra'ila. Hujjata kuwa kalma guda ce, wadda suke kiran hannun hagu da ita.

Duk wanda ya yi karatun Shu'ara a zaure ya san ƙasidar Imru'ul Ƙaisi, ya kuma san baiti na biyu yana ƙarewa da sunan iskar arewa, amma da wani lafazi wanda ba shi muka saba ji ba, domin a maimakon shamal sai mawaƙin ya kawo shi da hamza a tsakiya, wato sham'al. Malam yana zaune a kan buzu, almajiri ya ɗora yatsa a kan takardar da ta sha hannu har gefenta ya yi ja, ya ja baƙi, malam ya fassara, a wuce gaba. In kuwa almajirin mai bin diddigi ne, ya tambayi inda hamzar nan ta fito, amsar da zai samu ita ce wadda Sibawaihi ya bayar tun ƙarni na 8 na Miladiyya, cewa ƙari ce, ba ta cikin tushen kalmar, da dalilin cewa Larabawa in sun gina fi'ili daga sunan iskar sai su yar da ita. Amsa ce mai ƙarfi muddin Larabci kaɗai aka duba. Sai dai akwai shaidu a maƙwabta waɗanda ba a kira su wurin wannan shari'a ba.

A Ibrananci sunan hagu semol ne, ya kuma zo fiye da sau 50 a cikin littattafan da muka ambata. Baƙaƙe huɗu ake rubuta shi da su, sin da mim da alif da lam, alif ɗin nan kuwa, wanda a Ibrananci shi ne a matsayin hamza, ana rubuta shi amma ba a furta shi. Masu kwafin littafi sun yi ƙarnuka suna ɗauko wannan harafi daga fata zuwa fata alhali harshensu ba ya taɓa shi, kuma lokacin da malaman Yahudawa na Ɗabariyya suka zauna yi wa nassin wasali, aikin da ya kai ga kamala a hannun Haruna ɗan Ashir a ƙarni na 10, sun tarar da shi a nan, suka bar shi tsaye ba wasali, ba su kankare shi ba. Amanar nan tasu ita ce ta amfane mu, gama da an juya sunan zuwa fi'ili sai harafin da ya yi shiru ya buɗe baki. A littafin Farawa, sura ta 13, inda Annabi Ibrahim yake bai wa Luɗu zaɓin ƙasa bayan makiyayansu sun sami saɓani, cewa in ya bi wannan hannu shi zai bi wancan, fi'ilin bin hagu ya zo da lafazin asme'ila, hamzar a bayyane, haka kuma a littafin Ishaya sura ta 30. A littafin Tarihi na ɗaya an rubuta ta ba a furta ba. A littafin Sama'ila na biyu da na Ezekiyel kuwa ta faɗi har daga rubutu. Sau 5 kacal fi'ilin ya zo, amma a cikin waɗannan wurare biyar mai nazari yana ganin harafi guda yana raye, yana ganinsa ya yi shiru, yana kuma ganinsa ya ɓace.

Da aka tono allunan birnin Ugarit a gaɓar tekun Sham daga shekarar 1929, waɗanda aka rubuta fiye da shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa, sai aka tarar da kalmar a can ma da hamzarta. Wata tsohuwar masarauta kuma a kudancin Turkiyya ta yau sunanta Sam'al, wato ta arewa. Da waɗannan shaidu ni dai na gamsu cewa hamzar da ke bakin Imru'ul Ƙaisi tsohuwar gado ce wadda ta girmi Larabcin da aka rubuta, kuma mawaƙin bai ƙirƙiro ta don ƙafiya ba. Wasu masana ma suna ganin lam ɗin ƙarshe ne ƙari, tushen na asali shin ne da hamza da mim, wanda daga gare shi aka sami Sham da shu'um. Faɗin haka bai rage wa Sibawaihi daraja ko ƙwayar zarra ba, domin ya yi hukunci da abin da ke gabansa. Mu ne za a tambaya, mu da aka kawo wa shaidun har ƙofar gida muka ƙi saurarensu.

Mai karatu zai iya cewa, to, ina haɗin semol mai sin da shimal mai shin, ba kamar kunne ce kawai ba? Ƙa'ida ce tsayayya, irin wadda ma'abota sarfu suke jin daɗinta. Inda Ibrananci ya zo da wannan sin, Larabci shin yake kawowa: goma a wurinsu eser ce, a Larabci ashara, satan shi ne shaiɗan, basar, wato tsokar jiki, ita ce ta yi daidai da bashar. Inda kuwa Ibrananci ya zo da shin, sau da yawa sai Larabci ya kawo sin, shi ya sa shalom ya zama salam, lashon ya zama lisan, rosh ya zama ra'as, shana ta zama sana. Sin da shin ɗin nan siffarsu guda ce a rubutun Ibrananci, ɗigo ne kawai ya raba su, in yana kafaɗar dama shin ne, in yana ta hagu sin ne, har masu koyar da yara suna kiran na biyun sin ta hagu, da wannan kalma da muke zance a kanta. Wanda ya riƙe ƙa'idar nan shi ne kuma zai tsira daga masu kama kalmar Hausa su jingina ta da ta Ibrananci don sun ji amo ya yi kama, su ce ai Hausawa daga can suka fito. Hagu da hauni ba su haɗa tushe da semol ba, kuma zumuncin da masana suka tabbatar tsakanin Hausa da harsunan Samiyawa mai nisa ne ƙwarai, ba da kunne ake gano shi ba.

In muka koma ga yadda kalmar take aiki cikin jimla, ɗan zaure zai ga babu babin da bai riga ya karanta ba. Isimi ce, kuma sau da yawa a kan jingina mata kalmar hannu a ce yad semolo, hannun hagunsa, daidai yadda Bahaushe yake faɗa, saɓanin Balarabe da ya fi son ya siffanta hannun da yusra. In ana son sifa sai a ƙara mata wasalin nasaba a ƙarshe, a ce semali ga namiji, semalit ga mace, kamar yadda ya'un nisba take aiki a Makkiyyu da Madaniyyu. Da wannan sifa aka ambaci tafin hannun firist na hagu, inda yake zuba mai a littafin Firistoci, da ginshiƙin hagu na ƙofar haikalin Annabi Sulaimanu. Tana kuma zuwa tsirara ba tare da harafin jarra ba, a ma'anar zarafin wuri, musamman inda ake gargaɗin kada a kauce wa umarni zuwa dama ko hagu. Fi'ilin kuwa a ma'aunin hif'il aka gina shi, wanda shi ne takwaran af'ala, kuma duk wanda ya karanta sarfu ya san ɗaya daga ma'anonin af'ala shi ne shiga wuri ko nufarsa: a'araƙa ya tafi Iraƙi, anjada ya tafi Najadu, ash'ama ya tafi Sham, aimana ya tafi Yaman. Ma'auni guda, ma'ana guda, a harsuna biyu da suka rabu tun kafin a fara rubuta tarihinsu.

Ambaton Sham da Yaman ya kawo mu ga ma'anar da ta fi kowace faɗi. Mutanen da, daga Kan'ana har Hijaz, in za su ambaci kusurwoyin duniya sai su fuskanci mafitar rana, sa'an nan su auna sauran da jikinsu. Saboda haka gabas a Ibrananci ƙedem ce, wato gaba, 'yar'uwar ƙuddam. Yamma ahor ce, wato baya. Kudu ita ce yamin ko teman. Arewa kuwa, ko da yake tana da wani suna nata na kanta, a kan kira ta semol. A littafin Ayuba, sura ta 23, an jera huɗun nan a ayoyi biyu a jere. A Farawa sura ta 14 an ambaci wani gari, Hoba, aka ce yana hagun Dimashƙa, ana nufin arewa da ita; Ezekiyel ya sa Samariya a hagun Urushalima, Saduma a damanta; Bahar Rum kuma tekun baya suke kiransa, Tekun Gishiri tekun gaba. Wanda ya fassara hagu a irin waɗannan wurare bai san ina mai maganar ya fuskanta ba, ya ɓatar da mai karatu. Malamanmu na tarihi, irin su Mas'udi da Yaƙutul Hamawi, sun kawo cewa an kira Yaman da sunanta don tana daman Ka'aba, Sham kuma don tana hagunta, kuma kowane alhaji ya shafi Rukunul Yamani ko ya wuce ta gabansa. A allunan birnin Mari na bakin kogin Furatu, da aka fara tonowa a 1933, an tarar da manyan ƙabilu biyu na makiyaya tun ƙarni na 18 kafin Miladiyya, ana kiran ɗaya Banu Yamina, 'ya'yan dama ko kudu, ɗayar Banu Sim'al, 'ya'yan hagu ko arewa. Sunan Binyaminu, ƙanen Annabi Yusufu, gininsa ke nan.

Bazazzagi ba ya bukatar taswira kafin ya gane wannan. Ya tsaya a sahu a masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, fuskarsa tana alƙibla, wadda a ƙasarmu gabas ce mai ɗan karkata arewa: Ƙofar Doka da Tudun Wada da Sabon Gari, har zuwa Katsina, suna hagunsa, Ƙofar Gayan da ƙasashen kudu suna damansa. Su wancan zamani rana suke fuskanta, mu Ɗakin Allah muke fuskanta, amma inda Allah ya ajiye mu ya sa lissafin ya zo ɗaya, har Bahaushe in yana so ya ce mutum ba ya salla sai ya ce ba ya kallon gabas, kunnensa kuma yana jin gaba a cikin gabas.

Ba zan ɓoye ba, hagu ta sha baƙin jini a duk harsunan nan. Larabawa sun camfa ta har suka ciro shu'umci daga tushenta, sa'an nan suka yi mata laƙabi da yasar, daga sauƙi, don gudun ambatonta. A Ibrananci ma dama ce hannun albarka, kamar yadda ya zo a labarin Annabi Yaƙubu da ya gicciya hannuwansa, ya ɗora na dama a kan Ifraimu ƙarami, na hagu a kan Manassa babba. Wani littafinsu na hikima ya jingina zuciyar mai hankali ga dama, ta wawa ga hagu. Mu ma muna cewa bahaguwar fahimta, muna cewa an yi abu a hagunce, wanda sarki ya amince da shi na hannun damansa ne, wanda kuwa yake zartar da hukuncin kisa a fadojin da Hauni ake kiransa. Amma nassin Ibrananci bai aibata bahagon mutum ba. Littafin Alƙalawa ya ba da labarin Ehud, wanda ya 'yantar da mutanensa daga Eglon sarkin Mowab, ya ɗaura takobinsa a cinyar dama ya zaro shi da hagu. Kuma abin mamaki, da aka zo siffanta shi ba a yi amfani da semol ba, sai aka ce mutum ne mai ɗaurarren hannun dama, alhali shi ɗan ƙabilar Binyaminu ne, 'ya'yan dama. A sura ta 20 an ambaci bahagwai 700 daga ƙabilar nan, gwanayen majajjawa waɗanda ba sa kuskuren ko silin gashi.

A nan zan ɗan ratse, domin abin yana damuna. Kimanin mutum ɗaya cikin goma bahago ake haifarsa, kuma har yau akwai gidaje da makarantu inda yaro zai miƙa hannu ya ɗauki alƙalami da hagu, a sauke masa bulala a bayan hannun, ya mayar da alƙalamin dama, yatsunsa suna rawa, tawada tana ɗiga a kan allo, ya tashi yana ganin akwai wani aibi a halittarsa. Sunna ta koyar da ci da sha da musafaha da dama, wannan ladabi ne da ya wajaba mu koya wa kowane yaro da lallashi. Amma mai ɗawafi Ka'aba yake sanyawa a hagunsa, kuma masu tarihi sun siffanta Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi da cewa yana aiki da hagunsa kamar yadda yake yi da damansa. Mutanen hagu da aka yi wa narko a suratul Waƙi'a ayyukansu ne suka kai su can, ba hannun da suke riƙe fartanya da shi ba.

Na san abin da za a ce game da kiran nan na koyon Ibrananci. Za a ce littattafan nan, a aƙidarmu, hannun mutane ya taɓa su. Za a kuma ce harshen mutanen da suke zaluntar Falasɗinawa ne. Baƙin cikin Falasɗinu yana zuciyata kamar yadda yake zuciyar mai wannan magana, amma harshen da aka rubuta Zabura da shi ya girmi ƙasar da aka kafa a 1948 da dubban shekaru, kuma jahilcinmu da shi bai taɓa share wa Bafalasɗine ko ɗaya hawaye ba. Game da aƙida kuwa, koyon harshe daban, gaskata duk abin da aka rubuta da shi daban. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koye shi cikin kusan rabin wata, ya zama shi yake karanta wasiƙunsu, shi yake rubuta amsa. Ibnu Hazmin, wanda ya rasu a 1064, babu wanda ya fi shi tsanani wajen sukar nassin Attaura, amma shi ne ya rubuta a cikin Ihkam cewa Suryananci da Ibrananci da Larabci asalinsu harshe guda ne da ya sauya saboda sauyin mazaunin masu magana da shi. Burhanuddinil Biƙa'i, mai tafsirin Nazmud Durar, ya ciro daga littattafan nan a tafsirinsa, da aka yi masa ca ya rubuta littafi guda don kare halaccin yin haka.

Wani abin da ya kamata ya ƙara wa malamanmu ƙarfin gwiwa shi ne, nahawun Ibrananci kansa a inuwar nahawun Larabci ya girma, da Larabci kuma aka rubuta manyan littattafansa na farko. Yahuza ɗan Ƙuraishin na Tahart ya aika wa Yahudawan Fas risala yana kwatanta Ibrananci da Suryananci da Larabci. Yahaya Hayyuj, haifaffen Fas mazaunin Ƙurɗuba, wajen shekara ta 1000, shi ya tabbatar da cewa fi'ilin Ibrananci a kan baƙaƙe uku yake, har da masu harafin illa, da awon da ya koya wurin Larabawa. Bayansa Marwanu ɗan Janahi ya wallafa Luma'u a nahawu da Usul a lugga, Ibnu Baruna kuma ya yi Muwazana tsakanin harsunan biyu. Almajirin da ya ƙoshi da Alfiyya da Hisnur Rasin na Malam Abdullahin Gwandu, in ya buɗe waɗannan littattafai, istilahin da ya sani zai tarar. Rubutun daga dama yake farawa kamar namu, baƙaƙen 22 ne, 14 na farko kuma suna bin jerin abajada da hawwaza da huɗɗiya da kalamana ba kuskure, jerin da kowane mai hisabi ya haddace tun yana yaro.

Zazzau kuwa tana da wani gata wanda Kano da Katsina ba su da shi. A cikin birnin nan Likita Mila ya zauna tun zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, kafin a mayar da mishan ɗinsa Wusasa a 1929, kuma shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932. Har yau a Wusasa ana horar da limaman coci, su kuwa masu karatun tauhidin Kirista, a can da Bukuru da sauran wurare, Ibrananci yana cikin abin da suke sha wahalar koyo, galibi ta hanyar Turanci, harshen da ba shi da hamza, ba shi da ainun, ba shi da ma'aunin fi'ili. Abin da yake ɗaukar ɗalibinsu watanni kafin ya zauna masa, ɗan zaure ya riga ya sha shi a babin farko na sarfu. Nassin da ɗan zaure bai taɓa gani ba kuma yana kan teburinsu. Tafiyar da ke tsakanin ganuwa da Wusasa ba ta kai a yi mata guzuri ba, amma ba safai ake ganin waɗannan da waɗancan a kan tabarma ɗaya don karatu ba.

Saboda haka ina roƙon malaman Larabci da na nazarin harsuna a Jami'ar Ahmadu Bello su bai wa kwatanta harsunan Samiyawa wuri mai faɗi a manhajarsu, su kuma nemi wanda zai rubuta mana littafin koyon Ibrananci da Hausa, da istilahin nahawun da muka gada, wanda Musulmi da Kirista za su amfana da shi baki ɗaya. Ku kuma malamaina na Kona da Juma, Allah ya ƙara muku lafiya, in almajiri mai ƙwazo ya sauke Alfiyya ya zo neman izinin ya koyi wannan harshe, ku sa masa albarka ku sallame shi ya tafi, gama Zaidu ɗan Sabitu ya riga shi.